Lungun da Babu Kowa

Ana kiran sallar magariba a Kwarbai dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Zaharaddini. Na biyu ya fasa randa. Aka leƙa waje, babu kowa.

Zaharaddini mai zanen gine-gine ne, kuma wallahi ya iya. Da ya tashi sabunta gidan mahaifinsa, gini ya zana irin wanda ba a taɓa gani a cikin ganuwa ba, bango a lanƙwashe, babu kusurwa ko ɗaya. Kafin a ɗora bulo sai ya ƙirƙiri 'yan mutane a kwamfuta, ya ba kowanne halin wani ɗan gidan, ya sake su cikin zanen ya ga inda ƙafa za ta taka. Sati guda suna kai da komo, ko ɗaya bai shiga lungun bayan madafi ba. Ya ce wurin banza ne, ya sa aka zuba kankare aka ɗora bene. Ko gafarar mutanen ɓoye ba a nema ba, ballantana a jira kwana uku kamar yadda tsofaffi ke yi.

A magariba ta huɗu da fara jifan, 'yarsa Ihsan, mai shekara tara, ta zauna gindin benen tana kuka da muryar babbar mace. Ta daina ci. Tana ramewa a kan idonsa, hankalinsa ya tashi.

Malam Shehu na Ƙofar Gayan ya zo, ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Maƙwabciya," in ji muryar. "Mutanen cikin akwatin mai gidan nan ba su gan ni ba. Ɗana na barci a lungun nan aka zuba masa dutse. Ɗa da ɗa za mu yi."

"Ki ji tsoron Allah. Yarinya ba ta yi miki komai ba."

Muryar ta sassauta.

"To a buɗe in ɗauki gawarsa. Ubanta ne zai fasa da hannunsa."

Zaharaddini ya ɗauki guduma yana hawaye. Ya yi ta duka har tafinsa ya fashe, har tsohuwar ƙasar ta bayyana. Ihsan ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu cikin ramin, ta ɗago abin da ba wanda ya gani, ta rungume.

"Kai, taka ta dawo," muryar ta ce a hankali, ta tafi.

Ihsan ta buɗe ido, ta dubi hannuwanta.

"Baba, ba shi da nauyi ko kaɗan."