Hannun Daman Baffa

Zakiyya na tsugune a kicin tana dama kunun tsamiya, amma kunnenta na ɗakin baƙi, inda aka kwantar da surukinta. Daga nan take jin ƙarar cokali a kofi, da muryar Yaya Barau, wan mijinta, yana lallashi kamar mai ba jariri magani: “Buɗe baki, Baffa. Saura kaɗan.” Duk lokacin da ta ji haka sai gabanta ya faɗi, don ta san illar da ake yi wa tsohon, ta kuma san ba ta da bakin faɗa.

Baffa babban malami ne a Miga, manyan ɗalibai masu gemu ke ɗaukar karatu a zaurensa. A farkon damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka saki, harshe ya yi nauyi, sai ya yi ta fama kafin kalma ɗaya ta fito. Da aka sallamo shi daga asibiti sai aka ajiye shi a Dutse, gidan autansa Kamilu, mijin Zakiyya, don ya fi kusa da likita. Matarsa Inna Rakiya ta biyo shi da kayanta, Barau kuma kusan kullum yana tafe daga Miga da ɗalibai.

Gidan malamai kuwa ba a wasa da hidimar malami. Tun yana da lafiya ana rububin ɗaukar masa buta da juya masa takalmi don neman albarka, balle yanzu. Wani ya sa masa hula, wani ya yi masa alwala, wani ya ba shi abinci a baki. Ko ƙaiƙayi ya ji, kafin ya ɗaga hannun hagu mai lafiya an riga an sosa masa. Hannun daman kuwa an naɗe shi cikin hannun babbar riga an ɗora a cinya, don kada masu zuwa dubiya su gani.

Ita Zakiyya sabuwar shiga ce a aikin da ya shafi irin wannan ciwon. Kafin aure ta yi aiki a ƙaramin asibiti a Kafin Hausa, haihuwa da raino suka zaunar da ita fiye da shekara goma. Sai da autarta Umaima ta shiga makaranta Kamilu ya tsaya mata ta koma karatu, dangi na ta surutu, ya toshe kunne. Ta yi kwas ɗin da ake kira okufeshonal terafi, wanda sai ta yi dogon bayani kafin a gane: ba allura ba ne, ba kuma tausa irin ta 'yan fiziyo masu motsa gaɓoɓi ba, aikin koya wa wanda ciwo ya naƙasa ne yadda zai koma ci da kansa, ya sa riga, ya yi alwala, ya riƙe alƙalami. Barau da ya ji sai ya yi dariya, ya ce ashe har karatun koya wa manya cin tuwo ake yi.

Ba ta daɗe da kama aiki a wani asibiti a Dutse ba, kuma har yanzu a tsorace take zuwa. Abokan aikinta duk ta girme su, su danna kwamfuta kamar da ita aka haife su, ita ko sai ta yi ta laluben haruffa. Kullum gani take yau za a gano ta yi wa aikin tsufa. Amma abu ɗaya ta riƙe da kyau daga makaranta: hannun da aka daina sa shi aiki ƙanƙancewa yake ya sandare, kuma watannin farko su ne na ceto. Na Baffa ta hange shi sau ɗaya ta gefen labule, yatsun sun fara dunƙulewa.

Matsalar ita ce kunya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Baffa ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, ta ja da baya. Ta ina suruka za ta shiga ta kama hannun uban mijinta?

Wata rana da hantsi, da ɗakin ya yi sauƙin mutane, ta ja Kamilu gefe ta yi masa bayani. Ta ce idan aka ci gaba da yi wa Baffa komai, hannun nan ya tafi ke nan. Kamilu ya cire hula yana murzawa. Yana son matarsa, ya kuma yarda da iliminta, amma tsoron Yaya Barau tun na ƙuruciya bai sake shi ba.

“Zakiyya, kin san me kike cewa? In ce wa ɗaliban Baffa su daina yi masa hidima? Cewa za a yi kin hana mutane samun albarka.”

“Abban Umaima, ni ma tsoron nake ji. Wallahi har barci ba na yi. Amma idan na yi shiru, da wane ido zan kalli marasa lafiyata a asibiti?”

A ƙarshe suka yi wata dabara da suke ganin ta raba gardama. Ita za ta zauna a bayan labule tana faɗa, Kamilu yana ciki yana aiwatarwa, a lokacin da Barau bai iso ba, Inna kuma ta shiga wanka ko ta leƙa maƙwabta. Kamilu ya gaya wa Baffa, tsohon ya kalli labulen ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

Haka aka fara. Ta ce a fito da hannun daga riga a ɗora a kan matashi. Ta ce a ba shi carbi mai manyan 'ya'ya ya gwada turawa da babban yatsa. Ta naɗa tsumma a ƙotar cokali don ta yi kauri, ta miƙa ta ƙasan labule. Kamilu na ba ta labari da raɗa, cewa yatsa ya motsa, ko Baffa ya yi gumi, ko ya yi murmushi da ɓarin baki. Daɗi ya kama ta, daɗin kuma ya sa ta yi gaggawa.

Wata Laraba kafin azahar ta ce a zaunar da shi a bakin gado, a sa roba a gabansa, ya gwada alwala da kansa. Ta faɗi komai, ta manta abu ɗaya da da idonta na ciki ba za ta manta ba: ta wane gefe mai taimako zai tsaya. Kamilu ya tsaya ta hagu yana riƙe da buta. Baffa ya sunkuya zai wanke fuska, jikin ya rinjaya ta dama, inda babu kowa.

Ƙarar da ta ji ba za ta taɓa fita daga kunnenta ba. Kamilu ya saki salati, buta ta gangaro har ƙarƙashin labule. Da ta leƙa sai ta ga Baffa a ƙasa, goshinsa ya bugi ƙafar kujera, jini na bin farin gemunsa. A daidai lokacin Barau ya yi sallama da ɗalibai biyu a bayansa.

An yi ɗinki a asibiti, likita ya ce babu karaya, amma a gida wuta ta riga ta kama. Bayan la'asar aka kira Zakiyya tsakar gida. Ta durƙusa a gefen tabarma, hijabinta ya jiƙe da hawaye. Barau bai ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi tsoratar da ita. Ya ce an mai da mahaifinsu abin gwajin sabon aiki, mutumin da jama'ar gari ke tsugunawa a gabansa an bar shi yana rarrafe a ruwan alwala. Ya ce gobe da safe zai mai da Baffa Miga, inda ake sanin darajarsa. Inna Rakiya, da idanu jajur, ta ce ita ba ta da abin cewa sai dai yarinya ta haɗa kayanta ta je gidansu tukuna, sauran magana tsakanin Kamilu ne da wansa. Kowa ya san abin da “tukuna” ke nufi a irin wannan zama.

Zakiyya ta saci kallon mijinta. Kansa na ƙasa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi maganar Barau ciwo.

Da gari ya waye ta shirya yara makaranta ba tare da ta gaya musu komai ba, ta rungume Umaima har yarinyar ta ce ta matse ta. Ta koma ɗaki tana zuba kaya a jaka. Ta ɗauko farar rigar aikinta, ta rasa ko ta sa a jaka ko ta jefar. Tunani iri-iri: me za ta ce wa mahaifinta a Kafin Hausa? Wa zai riƙe yaran? Idan labari ya kai asibiti fa? Kamilu ya shigo ya tsaya a bayanta, ta ƙi juyowa.

“Jiya na ji kunyar kaina,” ya ce a hankali. “Ajiye jakar nan.”

Bai jira amsarta ba ya fita. Ta taga ta ji shi yana magana da Barau a bakin motar da aka ɗauko. Ya ce shi ne ya amince, shi ne ke ɗakin, shi ne ya tsaya ta gefen da bai kamata ba. Ya ce bai taɓa musu da Yaya ba, amma idan laifin jiya ya isa korar mutum, to da shi za a fara, kuma matarsa ba inda za ta. Barau ya ce za su yi maganar a Miga, ya ba ɗalibai umarni su ɗauko Malam.

Sai dai Malam ya ƙi ɗaukuwa. Ɗalibin da ya zo sa masa hula, Baffa ya ture shi da hannun hagu. Ya riƙe ƙarfen gado gam. Inna ta lallashe shi, Barau ya durƙusa yana tambayar abin da yake so, ko ruwa, ko bayi, ko jikin ne. Baffa sai girgiza kai yake, yana nuna ƙofa, bakinsa na motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da ƙyar kalmar ta fito.

“Za... kiyya.”

Bai taɓa kiran sunanta ba, “yarinyar nan” yake cewa. Da Inna ta zo kiranta, Zakiyya ta ɗauka tsine mata zai yi a gaban jama'a. Ta durƙusa a bayan labule kamar kullum. Baffa ya buga gado da tafin hagu. Kamilu ya ɗage labulen ya rataye a ƙofa, ta shiga da rarrafe.

Tsohon ya sa hannun hagu ya zaro na dama daga cikin riga, a gaban kowa, ya ɗago shi kamar kayan wani, ya miƙa mata. Ta kasa karɓa. Ya dube ta, ga ɗinki a goshi, ga hawaye na bin kuncinsa.

“'Yata,” ya ce. Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. “Alwala... ni.”

Inna ce ta fara fashewa da kuka. Ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa kullum aka gama yi masa alwala yake juya fuska bango. Ita ta ɗauka zafin ciwo ne. Barau, wanda shi ma ya yi karatu ya san suruka muharrama ce, babu laifi ta taɓa shi, ya sunkuyar da kai. Zakiyya ta karɓi hannun da hannu biyu, ta matsa ta zauna ta damansa, ta ce cikin kuka, “Baffa, ka yafe mini. Da na shigo tun farko da ba ka faɗi ba.” Ya gyaɗa kai. Motar Miga ta koma ba kowa a ciki sai direba da ɗalibai.

Ba a warke a rana ɗaya ba, kuma hannun bai dawo yadda yake ba. Ƙafar ma sai da 'yan fiziyo suka sha aiki a kanta. Akwai ranakun da Baffa ke wurgi da cokali don haushi, akwai ranakun da Zakiyya ke dawowa daga asibiti a gajiye ta tarar yatsun sun koma sun dunƙule, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito. Tsoron bai gushe gaba ɗaya ba, amma ya daina hana ta shiga ɗakin mara lafiya, a gida ko a wurin aiki.

Wajen kaka, wata Juma'a, aka ajiye wa Baffa tuwon dawa da miyar kuka. Ya ɗauki lokaci mai tsawo yana kai loma ɗaya da hannun dama, rabi a baki, rabi a gaban riga. Barau na zaune kusa da shi ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinya ya danne, don da ya sake su sai sun kai wa mahaifinsa ɗauki. Gumi yake yi fiye da mai cin tuwon. Da lomar ta shiga, Baffa ya yi hamdala da bakinsa, Barau ya juyo ya dubi Zakiyya da idanu cike da ƙwalla.

“Amarya, Allah ya yi miki albarka. Mu muna neman lada, ashe ɗaure shi muke yi.”

Kamilu, daga bakin ƙofa, ya yi mata wani kallo da ya sa ta rufe fuska da hijabi.

To, 'yan uwa, kunya ado ce, hidimar iyaye kuma ibada ce, amma kunyar da za ta hana ka ganin halin da mara lafiya ke ciki ba ta da amfani, haka ma hidimar da za ta ƙwace masa ɗan ƙarfin da ya rage. Zakiyya ta yi kuskure ta amsa, ta yi haƙuri, mijinta ya tsaya mata a ranar da tsayuwar ke da wuya, Allah kuma bai bar su sun ji kunya ba. Da Baffa ya koma Miga, ɗalibai na kawo masa buta su ajiye su ja baya, shi ke yin alwalarsa.