Dutsen Taimamar Kaka

Garin Maiduguri a shimfiɗe yake kamar tabarma. Idan aka zuba ruwa a ƙasa, sai ya tsaya yana tunanin inda zai nufa. Dutse kuwa, sai wanda tifa ta kawo wa masu gini. Ko akuya mutum zai kora, sai dai ya cire takalminsa ya jefe ta.

A unguwar Gwange akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ba ta taɓa hawa abin da ya fi gadar sama ta Kasuwar Kwastam tsawo ba. Ita ma a cikin keke napep ta hau ta.

Tana zaune da kakarta, Kaka Falmata. Kaka ba ta kiran sunanta. Fero take ce mata, wato yarinya da yaren Kanuri.

Kaka tana fama da ciwon gaɓoɓi. Ranar da ya tashi, ba ta iya taɓa ruwa, sai ta yi taimama. An zuba mata yashi mai tsabta a faranti. To, kyanwar gidan ita ma ta ga farantin, kuma ta ɗauka don ita aka ajiye. Kullum sai an zubar an sake.

Wata rana yarinyar ta dawo daga makaranta da gudu.

Ta ce, "Kaka, Malam Mikail zai kai mu duwatsun Biyu. Za mu hau har sama. An ce akwai tafki a can."

Kaka ta ce, "Tafki a kan dutse? Wa ya kai ruwan?"

"Haka yake a littafi."

"To, madalla da littafi. Ni dai ki samo mini dutse ɗaya, Fero. Mai santsi, daidai tafin hannu. In huta da wannan kyanwa."

Yarinyar ta ce, "An gama, Kaka."

Ranar tafiya suka shiga bas, suka yi ta tsayawa a shingayen sojoji har suka isa. Suka kwana a wata makaranta. Da gari ya waye, wani dattijo ya zo da sanda a hannu. Sunansa Baba Manasse. Gonarsa a gindin duwatsun take, kuma shi zai yi musu jagora.

Wani yaro mai suna Gana ya dubi sama ya dubi ƙasa. Shi ne sarkin surutun ajin.

Ya ce, "Baba, ina hanyar?"

Baba Manasse ya ce, "Babu hanya, jikana. Ƙafarka ce hanya. Doka biyu gare ni. Kada wanda ya wuce gabana. Abin da kuka ga an ajiye kuma, ku bar shi inda yake."

Duk suka ce sun ji.

Aka fara hawa. Ciyawa ta kai gwiwa. Duwatsun baƙaƙe ne, wasu kamar tukunya, wasu kamar ɗaki. Wani wurin da ƙafa ake hawa, wani wurin sai an haɗa da hannu. Yarinyar tana can baya, domin takalminta sabo ne yana cizonta.

Ba su yi nisa ba ta hango wani abu fari. Ƙaramin dutse ne, zaune shi kaɗai a kan wani baƙin dutse. Ta shafa shi. Santsi kamar sabulu.

Ta tuna dokar Baba Manasse. Sai ta yi wa kanta fatawa. Ai kuɗi ake ajiyewa, da abinci. Wa zai ajiye dutse a kan dutse? Ta jefa shi cikin jaka.

Can gaba ta ga wani. Ya fi na farko faɗi, kamar masa. Ta ce wannan ne na Kaka. Ta so ta yar da na farkon, amma ta ji tausayinsa. Ta haɗa su.

Haka ta yi ta kwasa har bakin tafki. Na kusa da ƙarshe yana da jan zane a tsakiya. Na ƙarshe kamar ƙwai. Kowanne sai ta tsaya ta juya shi, ta gwada a tafin hannu, ta dubi wurin da kyau, sannan ta bi sahu da gudu.

Suka kai ƙololuwa suna haki. Gana ya ɗaga hannu sama zai yi murna. Sai ya ga wata ƙololuwar a gaba, ta fi wannan tsawo.

Ya ce, "Malam, wannan dutsen haihuwa yake yi."

Malam Mikail ya ce, "Ajiye numfashinka, Gana. Za ka neme shi."

Suka sauka suka sake hawa. A ƙololuwa ta biyu iska tana kaɗa hijabi kamar tuta. Daga hagu akwai kwari mai zurfi. Shanun da ke ƙasa kamar tururuwa. Baba Manasse ya sa suka bi ta dama, ɗaya bayan ɗaya.

Gana ya waiwayo ya ga yarinyar tana tafe a duƙe.

Ya ce, "Ke, turmi kika ɗauko daga gida?"

Ta ce, "Ina ruwanka?"

Bayan ƙololuwa ta uku suka ga tafkin. Yana kwance a cikin rami, zagaye kamar faifai. Ruwansa kore ne, babu motsi. Har Gana ya yi shiru, amma kaɗan.

Ya ce, "Baba, yana da zurfi?"

Baba Manasse ya ce, "Kakana ya jefa tsakuwa a ciki yana yaro. Muna nan muna jiran ta kai ƙasa."

Yara suka dubi Malam. Malam ya dubi gefe.

Suka ci biredi da dafaffen ƙwai da dabino. Suka yi alwala a bakin ruwa suka yi azahar. Baba Manasse ya zauna a kan dutse yana gadin jakunkuna. Idonsa yana kan sama.

Da suka idar ya ce, "Malam, mu tashi. Gajimare na zuwa."

Ba su gama fita daga ramin ba gajimaren ya iso. A Maiduguri gajimare a sama yake zama, inda aka san shi. Nan kuwa saukowa ya yi ya shiga tsakaninsu. Komai ya zama fari. Mutum ba ya ganin wanda ke gabansa sai kamar inuwa. Sanyi ya shigo, yayyafi ya fara.

Baba Manasse ya ce, "Kada ku damu. Fararen duwatsu za su kai mu gida."

Yarinyar ta shafa jakarta.

Baba ya matsa gaba yana lalube da sanda. Ya duba kan wannan dutse, ya duba kan wancan. Ya dawo. Ya sake tafiya. Ya sake dawowa.

Malam Mikail ya ce, "Lafiya, Baba?"

"Alamunmu babu. Mu muka kwaso su daga rafi, ni da makiyaya da masu cire zuma. Muka jera su daga ƙasa har tafki. Da rana na san dutsen nan kamar ɗakina. A cikin gajimare kuwa, duk baƙin dutse ɗan'uwan baƙin dutse ne. Kuma kwarin nan yana kusa."

Malam ya ciro waya. Babu sabis ko ɗigo.

Baba ya ce, "Birai sukan ture ɗaya ko biyu. Amma ban taɓa ganin birin da ya kwashe duka ba. Sai dai in biri ne mai jaka."

Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar ta ji jakarta ta ninka nauyi. Ta ce a ranta gajimaren zai wuce. In ya wuce, ba wanda zai sani.

Gajimaren bai wuce ba.

Gana ya ce, "Bari in duba ta nan." Kafin a hana shi ya taka gefe. Ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse. Malam ya cafke wuyan rigarsa ya fizgo shi. Takalminsa ɗaya ya fice ya tafi ƙasa.

Suka kasa kunne. Ba su ji faɗuwarsa ba.

Gana ya zauna a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Bakinsa a rufe. Wannan ne ya fi komai ba yarinyar tsoro. Tun aji ɗaya ba ta taɓa ganin bakin Gana a rufe ba.

Ta ce, "Malam." Malam ya juyo. "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce birin."

Ta sauke jakar ta buɗe. Fararen duwatsu cike, har baki.

Malam Mikail ya ce, "Ba ki ji doka ba?"

"Na ji, Malam. Na ɗauka dutse ba ya cikin abin da ake ajiyewa. Kakata ce ta ce in kawo mata ɗaya."

"Ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai. Ta kama gindin jakar za ta zazzage.

Baba Manasse ya riƙe hannunta. Ya ce, "Tsaya, jikata. Kada ki zazzage. Yadda kika zuba su, haka suke kwance. Na sama shi ne na ƙarshe. Ciro shi."

Ta ciro. Mai kama da ƙwai ne.

"A ina kika ɗauke shi?"

Ta goge hawaye. "Kusa da wata bishiya karkatacciya. Ƙayarta ta yaga mini hijabi."

"Na san ta. Iska tana bayanmu, to bishiyar tana dama. Kowa ya riƙe jakar na gabansa."

Gana bai tashi ba. Yarinyar ta ciro silifas ɗin da take alwala da su ta miƙa masa. Ruwan hoda ne, da fure a kai. Gana ya dube su ya daɗe. Sannan ya sa.

Suka tafi a hankali kamar hawainiya. Sai ga bishiyar, da zaren hijabi yana lilo a jikin ƙaya. Yarinyar ta ɗora ƙwan a kan dutsensa.

Baba ya ce, "Na gaba."

"Wannan mai jan zane, inda duwatsu biyu suka jingina da juna. Na bi ta tsakaninsu."

"Yawwa. Ta nan."

Haka suka yi ta yi. Ita tana tuna wuri, shi yana nemo shi. Akwai wanda ta manta sam. Suka tsaya a cikin ruwa suna rawar sanyi, Baba yana lalube da sanda har ya gano. Ba wanda ya ce mata komai. Da sun yi mata faɗa ma da ta fi jin daɗi.

Suka wuce kwarin ta hagu, kowa yana kallon ƙafarsa. Jakar tana raguwa. Da ta ɗora na ƙarshe, wato mai santsin sabulu, sai ga gonar Baba Manasse a ƙasa. Ana shirin kiran magariba.

Gana ya samu bakinsa. Ya ce, "Duk wanda ya faɗi maganar silifas ɗin nan a makaranta, ni da shi ne."

Sai a lokacin aka yi dariya.

Yarinyar ta durƙusa gaban Baba Manasse ta ba shi haƙuri. Ta ba Malam haƙuri, ta ba Gana. Malam ya ce ranar Litinin za ta tsaya gaban aji ta ba da labarin da bakinta. Ta ce to.

Baba ya ce, "Biyo ni."

Ya kai ta bayan gona. Akwai ɗan rafi a wurin. Gefensa cike da fararen duwatsu, ko tifa ba za ta kwashe ba.

Ya ce, "Ɗaukar wa kakarki."

Ta miƙa hannu, sai ta tsaya. "Baba, waɗannan ma an ajiye su?"

Baba ya yi murmushi. "A'a. Waɗannan zaman banza suke yi. Da kin tambaye ni da safe, da nan na kawo ki."

Ta zaɓi ɗaya. Ɗaya tak.

Da ta koma Gwange, ta ba Kaka labari duka, ba ta ɓoye komai ba. Kaka tana ji tana juya dutsen a hannu.

Ta gaishe ta da Kanuri, ta ce, "Wushe, Fero. Sannu da hawa. Amma ni dutse ɗaya na ce. Masallaci za ki gina mini?"

Yarinyar ta ce, "Na tuba, Kaka."

Kaka ta ce, "Abin da kika ga an ajiye, akwai wanda ya ajiye shi, kuma yana da dalili. Ko ba ki ga dalilin ba, ki tambaya kafin ki ɗauka. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun takalmin wani bai tafi ba."

Kaka ta ajiye dutsen a gefen dardumarta. Kyanwa ta zo ta sansana shi, ta zagaya shi. Ta ga babu abin tonawa. Ta ɗaga wutsiya ta fita.