Faransancin Baba

"In za ki ce kin tafi, je suis allée ake cewa, ba j'ai allé ba."

Wayar ta suɓuce daga hannuna. Na waiga... babu kowa a tsakar gidan sai Baba, yana juya tarwaɗa a kan tukubar banda.

Wata biyu ke nan ina koyon Faransanci a waya a ɓoye saboda Haris, ɗan Damagaram da ke neman aurena. Sau uku iyayensa na aikowa Haɗejia, Baba yana cewa 'yarsa ba za ta ƙetare iyaka ba. Darasin ranar shi ne yadda mutum zai yabi abin da ya wuce, ina ta maimaitawa don na tabbata babu mai ganewa.

"Baba... kai ka yi magana?"

"Ci gaba, Sakinatu. In wuri ya yi miki daɗi, me za ki ce?"

Na ce, "C'était bien," wato ya yi kyau.

"Wannan yabon rowa ne. C'était magnifique, ya yi matuƙar kyau. Haka mahaifiyarki ta koya min."

Na zauna a ƙasa. Ina shekara biyu Umma ta rasu, kuma tun tasowata an ce min marainiya ce daga Guri.

"'Yar Damagaram ce," in ji shi, bai dube ni ba. "Shekara shida ina kai banda can. Malamar firamare ce, kullum sai ta tsaya ta gyara min magana. J'étais heureux, 'yar nan. Ban taɓa farin ciki irin na lokacin ba."

"To me ya sa ka ɓoye min?"

"Na yi wa uwarta alkawarin zan riƙa kai ta gida duk shekara. Bana ambaliya, baɗi shinkafa... har ta rasu ban kai ta ba. Kunya ta hana ni komawa. In kika auri yaron nan, dole in haɗa ido da tsohuwar."

"Tana da rai?"

Ya gyaɗa kai.

Kuka ya ƙwace min. Shekara ashirin da uku ina da kaka, ban sani ba! Na kira Haris na kasa haɗa magana, yana ta cewa, "Masoyiyata, nutsu, gaya min a hankali."

Shi ya nemo mana gidan kakar tawa a Damagaram, Baba ya yarda mu je. Ranar Asabar muka isa, Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa. Tsohuwar ta shafa fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana kiran sunan Umma, sannan ta juya gare shi.

"Inuwa, ka makara. Amma ka kawo ta. Tashi ka shigo."

A tsakar gidan nan aka sa ranar aurenmu.