Takobin Hauni

A shekara ta tara ta sarautar wani Sarkin Kabi, zamanin da Argungu ke fama da yaƙi ta fuskar Birnin Kebbi, cikin kaka ana yankan shinkafa, aka yi wa rundunar sarki kwanton ɓauna a mashigin gulbi. Mutum talatin suka faɗi. Hanyar kuwa sirri ce, don haka fada ta tabbata wani ya sayar da su.

Zato ya sauka kan Maliki, barden da ya shekara goma sha bakwai yana fita yaƙi. Ƙanensa Kalilu na cikin matattu, amma an ga Maliki zaune kusa da gawar yana cin tuwo, ya ma cire takalman mamacin ya sa, don nasa sun tsinke.

Aka gurfanar da shi gaban sarki. Ya lura abokan yaƙinsa na kau da ido, kowa na tsoron a haɗa shi da shi.

Kunduda, shugaban mayaƙa, ya ce, "Maliki, mi ya hana ka kukan ɗan uwanka?"

"Ranka shi daɗe, na biɗi kukan, ban ishe shi ba."

Gaskiya ya faɗa. A can mashigin ya daɗe yana duban fuskar Kalilu, abin da ya iya lura da shi kawai shi ne mashin ya shiga ta hagu.

Fadawa suka ce wannan taurin zuciyar maci amana ne. Sarki ya yi umurni a sare shi. Da hauni, mai sare kai, ya zaro takobi, Maliki ya dubi bakinsa ya ce, "Wannan ba shi da kaifi, sai ka yi sara uku. A ba ni dutse in wasa maka."

Kunduda ya sunkuya gaban sarki ya ce, "Wanda ya sayar da mu rai yake so. Wannan ko nasa bai dame shi ba."

Masu ba da labari sun ce sarki ya fasa kisan, amma bai sallame shi gida ba. Ya naɗa shi hauni, Maliki ya riƙe takobin shekara ashirin. Maci amanar kuwa ba a taɓa gano shi ba.

Haka mulki yake. Ya aika mutum fage har zuciyarsa ta mutu, ya tuhume shi da mutuwarta, sannan ya samo mata aiki.