Takalmin Da Ya Dawo A Leda

Mutanena, ku matso. Yau ɗan tsokanarku ya zo da labari, amma wanda ya yi dariya Allah Ya isa... to, na yafe kaɗan.

Shekarar ƙarshe a jami'a na samu gurbin koyon aiki a wani gidan rediyo. Ba albashi, ko na mota babu. Yaya ya ce, "Karɓa kawai, in suka saba da fuskarka za su ɗauke ka." Umma kuwa sabon batir ta saya ta kafa rediyo a taga, kar sunan autanta ya wuce ba ta ji ba.

Aikina? Kullum in ajiye wa Oga mai shirin barkwanci labari biyar. Shi zai karanta, shi za a yaba. Ni ina lungu kusa da injin kwafi, daga ni sai wata fanka mai tari.

Bayan sati shida kaina ya bushe ƙaf. Ranar nan huɗu kawai na haɗa, ga Oga yana duban agogo. Sai na rubuta namu.

Namu ni da budurwata Gimbiya. Ranar da muka fara haɗuwa igiyar takalminta ta tsinke a matakalar laburare, na cire nawa ɗaya na miƙa mata, muka taka har bakin titi kowa ƙafa ɗaya a ƙasa. Shekara biyu tana ajiye da takalmin. Ta ce wannan labarin 'ya'yanmu ne za su fara ji.

Oga ya karanta, ya ƙara gishiri. Wai ƙafar yarinyar kamar kwale-kwale. Masu kiran waya har shaƙewa suke don dariya.

Da yamma na tarar da ita a bakin get ɗin gidan rediyon, riƙe da leda.

"Ranki ya daɗe, yau wata ne ya fito da rana?"

"Nawa suka biya ka?"

"Haba Gimbiyata, kin san ba a biya..."

"Au! Kyauta ma ka ba da ni?"

"Ban faɗi sunanki ba fa!"

"Naka sun faɗa?"

Sai ta ɗora:

"Sati shida ina kira kana cewa Oga na jira. Na haƙura, na ce gobenmu kake nema. A mota na ji, mutane na ta dariya, ni ina ɓoye ƙafata ƙarƙashin kujera..." Ta danƙa min ledar. "Ga abinka. Gobe ka kai masa wannan ma, ya cika biyar."

Na bi ta har titi ina "tsaya mana, zuciyata!" Ko waiwaye.

A gida Umma ta tare ni da murna. "Auta, na takalmin nan ya kusa kashe ni da dariya! Yaushe za su faɗi sunanka?"

"Sun kusa, Umma."

Jiya Oga ya ce in ƙara wata uku, wai ina da baiwa. Yaya ya ce in ƙara. Lambar Gimbiya har yau ba ta shiga.

Takalmina dai sun cika biyu a ƙarƙashin gado, na kasa sakawa.

Gobe ƙarfe takwas Oga ke jiran amsa. In ku ne, me za ku ce masa?