Rabin Kitson Anti Barira

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda bai gama tuwonsa ba ya gama tukuna, don bayan wannan labarin ba lallai loma ta wuce masa ba.

Kun san Anti Barira mai ɗinki, wadda ba ta cire ɗankwali ko a cikin mata? To da ba haka take ba. Da gashinta har gadon baya yake, baƙi wuluk, kuma ta san da shi. Ga ta da son taro. Duk inda aka ce ana wani abu a Kano, baje koli ne, lacca ce, zagayen ganuwa ne, tana layin gaba. Ko rijiya ake buɗewa sai ta je ta leƙa.

Wata shekara aka yi makon al'adu a wani babban zaure cikin gari. Daga shago ta wuce da ƙawarta Hansatu, ko gida ba ta biya ba, ɗan almakashinta na cikin jaka. Suka ga rini, suka ga sassaƙa. Hansatu ta maƙale wajen masu kalangu tana ɗaukar bidiyo, Barira ta gaji da jira ta yi gaba ita kaɗai. La'asar ta yi sanyi, mutane sun fara watsewa.

Can ƙarshen baranda akwai wani ɗaki. Na kitson gargajiya ne.

Kawunan katako ne jere a kan dogon tebur, kowanne da nasa: doka, shuku, zanen yawo, da wasu da ko sunansu ba ta sani ba. Kyau dai ba magana. Amma ɗakin tsami yake, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ta taɓa ɗaya. Gashin da ɗumi. Maiƙo ya biyo yatsanta, ta goge a zani tana yamutsa fuska. Kai ɗaya ne kawai a ƙarshen layi ba komai a kansa, ƙwal.

"Kyauta ake yi, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce zaune a lungu kan kujera 'yar tsuguno, zani ya rufe ta har ƙasa. Tana magana kamar da abu a bakinta.

"Ai kin tashi ko, Iya? Magariba ta kusa."

"Saura ke. Zauna."

Kakar Barira ta sha gaya mata abu biyu: ba a kitso da magariba, kuma gashin da ya zube a tattara a binne, kar a bar wa kowa. Amma kun san Anti Barira da kyauta. Har ta hango kanta da doka a hoto, mata na tambayar wa ya yi mata. Ta warware ɗankwali, ta zauna tsakanin ƙafafun tsohuwar, ta ba ta baya.

In ana yi maki kitso ba kya ganin fuskar mai yi. Hannu kawai kike ji.

Hannun sanyi ƙalau, kuma a jiƙe. Tsohuwa ta tsaga gashi. Wani abu mai yauƙi ya sauka a tsagar. Ba man shanu ba ne, ba na kanti ba. Ta ji tuf. Ta sake jin tuf.

"Iya, yawu kike tofa min?"

"Shi ke kwantar da shi."

Tir! Yawun ya gangaro ta bayan kunne yana ƙarni kamar ruwan wankin kifi. Ta yunƙura za ta miƙe, aka matse ta da gwiwa.

"Ba a tashi da rabin kitso."

Ta sunkuyar da kai don ta danne amai. Zanin tsohuwar ya ɗan janye. Nan ta ga ƙafafun.

Yatsun dogaye ne kamar na hannu, faratan baƙaƙe. Suna yawo a ƙasa. Duk silin gashin da ya faɗo sai su tsince, su dunƙule, su miƙa sama ta gefen kafaɗarta. Sai ta ji ana tauna a saman kanta. A hankali. Ana haɗiyewa da ƙyar, kamar akuya ta samu leda.

Ta ɗaga ido wajen teburin. Kan katakon nan mara gashi, gefensa ɗaya ya cika da kitso, baƙi wuluk, layi bayan layi yana ƙaruwa. A goshinsa ga ɗan tabon da Barira ta samu tun tana yarinya.

"Iya, wancan na waye?"

"Saura kaɗan."

Barira ta buɗe baki. Da ƙyar a'uzubillahi ta fito. Gwiwar ta ɗan saki, amma hannun na nan damƙe da gashinta. Ta zura hannu a jaka. Gashin da ta shekara da shekaru tana tattali, wanda ko 'yar uwarta ba ta yarda ta taje mata. Ta kai almakashi gindinsa ta datse, har da fata. Ta fita a guje, jini da yawu na bin wuyanta.

A baranda ta yi karo da mai gadi yana kulle ƙofofi. Nan ta amayar da duk abin da ke cikinta, sannan ta iya nuna ɗakin.

"Hajiya, ai mai kitson tun azahar ta tafi," in ji shi. "Kawunan ma da zaren ulu aka yi musu."

Hansatu ce ta kai ta gida. Ta wanke kan da sabulu, ta wanke da toka, ƙarnin na nan. Kakarta ta duba raunin, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Wanda kika yanke, kin tattaro shi?"

Barira ta fashe da kuka.

Washegari Hansatu ta koma, da mutane a wannan karon. Kan yana nan a ƙarshen layi, rabi doka rabi ƙwal, 'yan kallo na ta ɗaukarsa hoto suna yaba hikimar wanda ya yi. Har wata ta shafa shi ta ce kamar na gaske. A daidai lokacin Barira na gida kwance, ta ji an shafa mata kai.

Gefen da ta yanke bai sake tsirowa ba. Ɗaya gefen kuwa, duk shekara in makon al'adu ya zagayo, da an kira magariba sai ta ji yatsa mai sanyi yana tsaga shi. Sai ta ji tuf. Ta aske shi tas, ya sake fitowa, don ana jiransa a ƙarasa.

Ku je ku ga baje koli, ba wanda ya hana ku. Amma ɗakin da kuka tarar ba kowa, kar wanda ya shiga shi kaɗai, kuma kar ki ba mai kitso baya sai kin ga ƙafarta.

Ke Nusaiba, gashin da kika bari a mataji kan taga ɗazu, tashi ki ɗauko. A'a, ba ke kaɗai ba. Wani ya raka ta.