Igiyar Inna Kande

A can wani gari, a wani zamani, an yi wata makauniya mai saƙar faifai, ana ce mata Inna Kande. Matan unguwa suka shirya cewa kullum ɗayarsu za ta je ta taya ta aiki, don ta ci gaba da zama a gidanta.

Ran nan zagaye ya zo kan Tabawa, mace mai rawar jiki, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta tarar Inna tana wanka. Ta kwashe kaba ta kai ɗaki, ba ta tambaya ba. Ta matsar da tulu, ba ta tambaya ba. Ta kwance igiyar da Inna ke bi daga banɗaki zuwa ɗaki, ba ta tambaya ba. Ko sallama ba ta yi ba.

Inna ta fito, ta lalubi igiya, babu. Ta yi tuntuɓe da tulu, ya fashe.

Tabawa ta ce, "Wayyo Inna, gyara na yi miki!"

Inna ta ce, "'Yar nan, ai idanuna kika kwashe."

Tabawa ta ɗauko igiyar, ta durƙusa. "Inna, ina zan ɗaura?"

Inna ta ce, "Yauwa. Sannu da zuwa."